Tawakkali ko Kasada: Mas'alar Ɗan Ƙwallo Bayan Ya Gama Makarantar Horo

Akwai mas'alolin da malaman da suka gabata suka daɗe suna jujjuyawa har aka zaci an rufe babinsu, sai zamani ya kewayo su sake ɓullowa cikin wata riga dabam, mai ganinsu ya ɗauka baƙi ne alhali kuwa tsofaffin 'yan gida ne. Daga cikinsu akwai mas'alar neman arziki da dogaro ga Allah, wadda a da akan yi ta a kan manomi da maƙeri da falke, yau kuwa ga ta ta iso Malanbil, a bakin kogin Kwara, inda ƙasar Benin ta tuƙe ta Nijar ta soma, tana tambaya a kan saurayi ɗan shekara 18 da ya gama makarantar horar da 'yan ƙwallo, ya dawo gaban mahaifinsa da jakar kayan wasa da takarda guda, yana roƙon a sayar da wani abu a tura shi Turai gwaji. Shin uban da ya amsa masa tawakkali ya yi, ko kuwa kasada ya yi da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai? Wanda ya ƙi kuma, rowa da ƙarancin yaƙini ne suka hana shi, ko kuwa hankali?

Malanbil ba garin da ake koya wa tafiya ba ne. Kasuwarsa tana cikin mafiya girma a ƙasar, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa suna cuɗanya a cikinta. Albasa da shinkafar fadamar kogi daga nan suke gangarawa kudu, manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kuwa, tafiyar fiye da kilomita 700, nan suka saba yada zango kafin su haye gada zuwa Gaya su miƙe Doso da Yamai. Yaron da ya tashi yana ganin duk wani abu mai daraja a bisa hanya yake, daga wani wuri za shi wani, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka shi ma tasa darajar tana can gaba tana jiransa. Da dare kuma ga gidan kallo, rumfar kwano da bencina a jere, janareto na ruri a baya, a bakin ƙofa an jingine allo an rubuta da alli wasannin da za a nuna da kuɗin shiga. A irin waɗannan rumfuna aka ga 'yan wasan Benin sun fitar da Maroko da bugun fenareti a gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, suka shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe, abin da ba su taɓa yi ba. A cikinsu kuwa har da Steve Mounié, haifaffen Paraku, watau ɗan arewa kamar masu kallon. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne, tun yana ƙarami aka koma da shi Faransa, a makarantar kulob ɗin Montpellier aka horar da shi, saboda haka hanyarsa ba ta bi ta inda tasu za ta bi ba.

Ba zan daɗe a kan ko ƙwallo halal ce ko haram ba, domin a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Asalin wasan da ke ƙarfafa jiki halal ne, ga shi ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Sharuɗɗan da malamai ke gindayawa sanannu ne, kada wasa ya shagaltar daga salla, kada a yaye al'aura, kada caca ta shigo. Ko da yake akwai masu ƙyamar a mai da wasa sana'a, wanda ya sa hannu a kwantiragi na shekara uku a kan albashi ayyananne ya ƙulla ijara ce irin wadda ɗaliban Risala da Muhtasar suka sani, aiki sananne, ajali sananne, lada sananne. Wuyar ba a cikin kwantiragin take ba, tana cikin shekarun da akan ƙarar da dukiyar da akan zubar wajen nemansa.

Ga yadda hanyar take. Makarantun horo kan ɗauki yaro yana da shekara 12 ko 13, su riƙe shi shekara biyar ko shida, safe da yamma yana kan fili, boko in akwai to rabi da rabi, karatun allo kuwa sai abin da ya zo da shi daga gida. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, tun 2001 ta hana a ƙetara da yaro wata ƙasa don wasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kamar in iyayensa sun yi ƙaura don wani dalilin da ba ƙwallo ba, ko kuwa in gidansa da kulob ɗin duka ba su wuce kilomita 50 daga iyaka ba. Wannan ta biyun sai ka ce don Malanbil da Gaya aka rubuta ta, illa dai ba Gaya yara ke mafarki ba. Saboda wannan doka shekara 18 ta zama mararraba: 'yan kaɗan ƙwarai a kira su daga Turai da tikiti a hannu, wasu su samu wuri a kulob na gida irin Buffles na Paraku, wanda ya sha ɗaukar kofin ƙasa, ko da yake albashin gasar gida a wannan yanki namu da ƙyar yake riƙe mutum guda balle gida, wasu su bazama Nijeriya ko Togo ko Arewacin Afirka ko ƙasashen Larabawa, daga wannan gwaji zuwa wancan, mafi yawa kuwa su dawo inda suka fito. Wani marubucin Ingila, Michael Calvin, a littafin da ya fitar a 2017 a kan makarantun horo na ƙasarsa, ya kawo lissafin cewa daga yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyin yara na Ingila, kimanin 180 ne ke kaiwa babbar gasar Firimiya; wannan kuwa a ƙasar da kuɗi da likitoci da filaye suke, inda yaro ba ya bukatar biza kafin a gan shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

In aka faɗi haka a majalisa, nan da nan wani zai ce, to Ahmed Musa fa? Gaskiya ne, ɗan Jos ne da ya ci ƙwallo 18 a kaka guda wa Kano Pillars, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010 bayan ya jira cikarsa 18, daga nan CSKA ta Mosko a 2012, sa'an nan Leicester ta Ingila a 2016, ya ci wa Nijeriya biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Aisilan a 2018, ya dawo ya gina wurin wasanni a Kano. Amma ni labarin da na fi so a ba yara shi ne na Rabi'u Ibrahim, domin shi ya fi kama da yadda duniya take. A 2007 Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, ta doke Sifaniya da fenareti a wasan ƙarshe, mai lamba 10 a wannan ƙungiya kuwa ɗan Kano ne, Rabi'u, wanda jaridu suka yi ta kira magajin Okocha. Sporting ta Lisbon ta ɗauke shi, ta ba da shi aro ga ƙaramin kulob, bai samu shiga babbar ƙungiyarta ba. Ya je PSV ta Holan, ya je Celtic a 2012 inda wasan da ya buga musu bai taka kara ya karya ba, ya koma Kilmarnock inda ya yanke jiki ya faɗi a fili ana tsakiyar wasa a 2013. Sai a 2015, shekara takwas bayan waccan nasara, ya samu matsuguni a ƙasar Sulobakiya, ya ci kofin ƙasar da Trenčín, daga baya ya sake cinsa da Slovan ta Bratislava. Toni Kroos, wanda aka zaɓa gwarzon waccan gasa ta 2007, shekara bakwai bayanta ya ɗaga kofin duniya na manya da Jamus; Macauley Chrisantus kuwa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda bakwai, Hamburg ta saye shi, sa'an nan ya ƙare kuruciyarsa yana zagaya ƙasashe. Haka Musa Ma'azu na Yamai, da ya tashi daga Lokeren ta Beljiyam zuwa CSKA a 2009, ya bi ta Faransa da Tunisiya da Fotugal har ƙasar Sin.

Kada mai karatu ya zaci ina lissafa waɗannan cikin waɗanda suka yi asara. Rabi'u ya ci guminsa shekara da shekaru, ya ɗaga kofuna, yana cikin masu babban rabo. Abin lura shi ne, in wannan ne tafarkin yaron da duniya ta shaida yana cikin mafiya gwaninta a tsaransa, to ina tafarkin wanda shaidarsa ba ta wuce ta kocinsa da abokansa na unguwa ba?

A nan ne maganar magabata ke da amfani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u, ya kasa sababan da mutum ke bi don jawo amfani kashi uku. Na farko shi ne wanda aka tabbatar da shi bisa sunnar da Allah ya gudanar da halittarsa a kai, kamar miƙa hannu ga abinci da zuba iri a ƙasa, barin wannan da sunan dogaro ga Allah kuwa, a wurinsa, hauka ce ba ibada ba. Na biyu shi ne wanda zato mai ƙarfi ya rinjaya a kansa, kamar guzurin mai shiga hamada, riƙo da shi bai rushe tawakkali ba muddin ba ga guzurin zuciya ta jingina ba. Na uku kuwa wahami ne kawai, yana iya kaiwa ga biyan bukata amma rai bai natsu da shi ba, irin dabarun da kwaɗayi ke ƙirƙiro wa mai shi, wanda ya dulmuya cikinsa kuma Gazali ya fitar da shi daga sahun masu tawakkali. Wannan rabe-rabe ya kifar da abin da yawancinmu muka ɗauka. Mu a zatonmu gwargwadon nisan abu daga yiwuwa, gwargwadon girman tawakkalin mai binsa, har mukan yaba wa wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan abin da ba shi da tabbas mu ce mai ƙarfin imani ne. Shi kuwa Gazali yana ganin mai bin wahami ya fi kowa dogara ga dabararsa, domin ba abin da ke riƙe da shi sai ita, sunan Allah kuwa a baki ya tsaya.

In muka ɗora hanyar ɗan ƙwallo a kan wannan ma'auni, sai mu ga ba abu ɗaya ba ce. Atisaye da kiyaye jiki da barci da wuri suna cikin kashi na farko, wanda ya bar su ya ce rabo zai kai shi, ya yi wa kansa ƙarya. Gayyatar da ta fito daga kulob sananne, wanda ya aiko mutanensa suka ga yaro da idonsu, ya ɗauki nauyin tafiyarsa da masaukinsa, tana cikin kashi na biyu. Sauran duka, su ne kuwa suka fi yawa, suna cikin na uku.

Mu shiga zauren wani manomin albasa mu ga yadda na ukun kan zo. Dillali ya iso da la'asar sakaliya, sanye da riga mai tambarin wani kulob, ya durƙusa ya gaida mai gida, ya zaro waya ya nuna hoton takarda da rubutun Turawa, ga hatimi, ga sunan yaro an rubuta daidai. "Baba," in ji shi, "yaron nan ƙafarsa ta hagu ba irinta, Turawa sun ga bidiyonsa sun yaba, abin da ya rage kuɗin biza da na jirgi da ɗan abin da za a ba na ofis, in watan nan ya wuce kuwa kasuwar 'yan wasa ta rufe, sai baɗi." Yaro na rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, bai ce uffan ba, amma uban ya san abin da ke ransa, ya kuma san uwar tana bayan zana tana saurare. Albasa na cikin rumbu ana jira ta yi tsada, akwai bijimin huɗa, akwai fegin fadama da aka gada. Washegari bayan asuba sai ya tsaya wurin liman ya ce, "Allah gafarta Malam, a taya mu da addu'a, mun dogara ga Allah za mu tura yaro." Malam ya shafa fatiha, domin addu'a aka roƙa, ba fatawa ba.

Da fatawa ya nema, da fikihun da ke cikin gafakar malamin ya wadatar. Aikin dillali irin wannan, a wurin malaman Malikiyya, ji'ala ce, watau lada ga wanda ya kammala aiki, kamar mai cewa duk wanda ya nemo masa raƙuminsa da ya ɓace yana da kaza. Sun kuma hukunta cewa sharaɗin a ba da ladan tun kafin aiki yana ɓata ƙullin, domin kuɗin sai ya zama yana lilo tsakanin bashi da lada, in aiki ya yiwu lada ne, in bai yiwu ba bashi ne wanda ba a san ranar biyansa ba. Ba sai an je littafi ba ma, dillalin shanu a kasuwar Malanbil ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, da zai ce a ba shi tun saniya na gida da an yi masa dariya. Haka al'adar take a kasuwar 'yan ƙwallo ta gaskiya, wakili yana cin nasa ne daga abin da aka ƙulla bayan an sa hannu. Wanda ya ce a ba shi tukuna, ya riga ya samu abin da ya zo nema tun yaro bai bar gida ba. A 2015 gidan rediyon BBC ya ba da labarin yara fiye da 20 daga Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Laberiya, da aka kwasa zuwa kulob ɗin Champasak United na ƙasar Laos, can kudu maso gabashin Asiya, inda suka tsinci kansu suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa. Tun 2000 kuma wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa domin yaran da dillalai suka yasar a otal-otal na Turai bayan biza ta ƙare.

Mai hankali zai iya tare ni a nan ya ce, in da kakanninmu sun yi irin wannan lissafi da ba wanda ya je Gwanja. Hujja ce mai nauyi, ta fi nauyi ma a wannan gari, domin ta wannan ƙasa ayarin fatake ke bi: su taso daga Kano da Sakkwato da Jega da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara ta Gaya ko Illo ko Yawuri, su ratsa Bargu ta Kandi da Nikki da Jugu har Salaga, su juyo da goro, watanni suna bisa hanya tsakanin 'yan fashi da ciwo da kuɗin fito, wasunsu kuma ba su dawo ba. Sai dai a duba yadda aka gina wannan fatauci. Madugu da kansa yake gaban ayari, kayansa na cikin kayan mutane, abin da ya same su ya same shi, sunansa kuma ba ya tsayawa sai da yawan waɗanda ya mayar gida lafiya; a kowane zango akwai mai masauki sananne wanda in ya ci amana labari zai riga shi isa kasuwa ta gaba; saurayi kuwa a matsayin yaron wani yake fara tafiya, yana koyon hanya da harsuna da ciniki, ta yadda ko goro ya lalace a wannan shekara ya dawo da ilimin da zai ci abinci da shi baɗi. Hatsari ne, amma hatsarin da aka kewaye da shingaye, shi ya sa yake cikin kashi na biyu. Dillalin zamani kuwa a filin jirgi yake sallama, wani ma a tasha. Ba tafiyar nake zargi ba, yaron da Allah ya hore wa baiwa ta haƙiƙa aka kuma kira shi ta hanyar da ta dace, hana shi zalunci ne. Ahmed Musa ma ai sai da ya ci ƙwallayensa 18 a gaban jama'ar Kano kafin Holan ta neme shi, ba shi ya sayar da gona ya nemi Holan ba.

A cikin ƙissar Annabi Yusufu, sa'ad da Annabi Yakubu zai sake tura 'ya'yansa Masar, ya umurce su da su rarrabu bisa ƙofofin birnin kada su taru a guda, a take kuma ya sanar da su cewa dabarar tasa ba ta tunkuɗe abin da Allah ya hukunta. Ya haɗa tadbiri da dogaro cikin numfashi ɗaya, bai ga ɗayansu ya rage ɗaya ba. Mutanenmu na da sun yi aiki da wannan a wasanninsu ko da ba su kira shi da suna ba. Gasar kokawa ta ƙasa da Nijar ta soma a 1975, wadda Isaka Isaka na jihar Doso ya sha ɗaukar takobinta, ta tsiro ne daga al'adar da ɗan kokawa manomi ne, da damina yana gona, sai an yi girbi a kaɗa masa ganga; 'yan dambe kuma asalinsu mahauta ne, ranar da ƙarfi ya ƙare wuƙar fawa tana nan inda aka aje ta. Ba a san ɗan wasan da wasa kaɗai ne ƙofarsa ba sai da makarantun horo suka zo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina a kan asasan mulki, ya sa raya masu sana'o'i, manoma da maƙera da maɗinka da marina, cikin wajiban shugaba. Ban ga yadda za a yi al'ummar da ta gaji wannan nasiha ta yarda a riƙe ɗanta shekara shida a sallamo shi bai iya komai ba sai gudu da bugu.

Sa'an nan sai maganar wanda ya dawo. Yana da shekara 23 ko 24, gwiwa ta soma ciwo, ba takardar makaranta, ba sana'a, fegin fadama kuma ya tafi. Tun da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 mutane da kaya suka koma ƙetarewa ta kwale-kwale, irinsa abin da ya rage masa shi ne dako a bakin ruwa ko kabu-kabu da babur ɗin wani, ga kunyar tsaransa da suka riga shi aure. Jama'a kan ce ba rabo, haka Allah ya so. Magana ce ta gaskiya, kuma rahama ce gare shi, domin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba ba shi da laifi a wurin Ubangijinsa, ba a kuma auna ɗan Adam da kulob ɗin da ya ɗauke shi. Abin da ke damuna shi ne, wannan kalma ɗaya ita ce dillali ke faɗa, ita ce mai makaranta ke faɗa, kowa ya shafa ta ya tashi ba nauyi a wuyansa. Malamai kuwa, da suka yi sharhin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, sun fitar da ƙa'ida cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta auka wa mutum, ba a kan laifin da ya aikata ba. Karayar ƙafa ƙaddara ce; sallamar yaro hannu wofi bayan an cinye kuruciyarsa aikin wani ne, kuma wannan wanin za a tambaye shi.

Nauyin ya fi bayyana in aka dubi inda kuɗin ke bi. Dokar FIFA ta tanadi a biya kulob ko makarantar da ta horar da ɗan wasa diyyar horo sa'ad da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayensa daga wata ƙasa zuwa wata a raba wa waɗanda suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Ma'ana, in makaranta ta fitar da guda ɗaya irin Sadio Mané, wanda ya tashi daga Génération Foot ta Dakar zuwa Metz, shi kaɗai ya biya mata wahalar da ta yi a kan ɗari. Ashe ita ce ta yi aiki da wasiyyar Annabi Yakubu, ta shiga ta ƙofofi ɗari, kowane yaro kuwa ta guda ya shiga. Ita tana cikin kashi na biyu na Gazali, su suna cikin na uku, alhali da shekarunsu aka yi jarin. Ba dole ne abin ya kasance haka ba. Makarantar Right to Dream, da aka kafa a Gana a 1999, ta haɗa ƙwallo da karatu sosai, har tana tura waɗansu yaranta makarantu da jami'o'in Amurka da Ingila bisa tallafi. Daga cikinta Mohammed Kudus ya fito, ɗan unguwar Nima ta Akara inda Hausa ke yawo a titi, ya je Danmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, abokan ajinsa da ba su zama Kudus ba kuma ba duka suka fita da takalma kaɗai ba.

Hannun da ke kan takardar shiga makaranta dai na uba ne, domin yaro ɗan shekara 12 bai isa ƙulla komai ba. Shari'a kuwa ba ta ba waliyyi ikon sarrafa abin ƙaramin yaro yadda ya ga dama ba sai bisa maslahar yaron, har ta hana shi jefa dukiyarsa inda asara ta fi rinjaye. In haka ne hukuncin akuyar da maraya ya gada, to shekarun da ake koyon karatu da sana'a a cikinsu, waɗanda in sun wuce ba a sayo su a kasuwa, sun fi cancantar a tsare. Takardar da Faransanci take zuwa, uban kuwa sau da yawa ajami ya iya. Sai ya nemi malamin boko na unguwa ya karanta masa ita daga sama har ƙasa, ya kasa kunne ga wurin da aka faɗi awa nawa yaro zai yi a aji, da wanda zai biya asibiti in ƙafa ta karye, da abin da za a sallame shi da shi ranar da koci ya ce ba a bukatarsa. In takardar ba ta ce komai a kan na ƙarshen ba ya roƙi a ƙara, abin da mai makarantar ya amsa kuwa shi zai ɗauka ya kai wa liman ya nemi fatawa a kansa.